Su Wane Ne Iyalin Ma'aikaci?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, ga wata magana da ya kamata mu duba tun muna kwaleji, kafin a rarraba mu makarantu. Kowa ya san albashi, amma kaɗan ne ke tambayar abin da ke biye da shi, watau maganin asibiti da abin da a ke ba iyali in Allah ya karɓi ran ma'aikaci. Duka an ce na ma'aikaci ne da iyalinsa. To, su wane ne iyalin? A nan gizo ke saƙa.

A shekarar 1999 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar inshorar lafiya, aka soma aiki da ita a 2005. Abin ya yi kama da adashi: a tara kuɗi a asusu ɗaya da sunan ma'aikata, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. A 2022 aka sabunta dokar, aka wajabta inshorar a kan kowa. Jihar Katsina ma ta kafa tata hukumar. Madalla da wannan. Amma mudun da Tarayya ta auna iyali da shi, shi ne ma'aikaci, da matarsa ɗaya, da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. In ma'aikaciya ce, mijinta da 'ya'yanta huɗu. Mutum shida ke nan. Wanda ya ƙaru a kan haka sai an biya masa dabam.

Wannan mudu, da gidan Bature aka gwada shi. Ku shiga gidan malamin makaranta a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ku ƙirga kwanonin da a ke zuba wa tuwo da dare. Ga tsohuwa a ɗakinta, ga tsoho a zaure, ga mata biyu, ga yara bakwai ko takwas. Addini ya umurce shi da adalci tsakanin matansa, takarda kuwa ta ce ya rubuta sunan ɗaya. Da wane baki zai gaya wa ɗayar? Ɗa na biyar fa, laifin me ya yi? Ko don ya zo a baya?

Sa'an nan ga masifar da ta sauka a ƙasashen nan uku. 'Yan bindiga sun kashe mutane da yawa a Kadisau ta ƙasar Faskari a 2020, haka kuma a 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara a 2024. Ƙauyuka sun watse, mutane sun kwararo cikin gari. In magidanci ya faɗi, ina 'ya'yansa za su? Sai gidan ƙanensa mai albashi, don Bahaushe bai san ɗan wa ba ɗansa ba ne. To, ga yara biyu suna kwana cikin gidan sauro ɗaya, zazzaɓin damina ya kama su rana ɗaya. A asibiti ɗaya yana da kati, ɗaya ba shi da shi, don shi maraya ne, ba na cikin mai gida ba. Ashe wanda ya fi bukatar taimako shi aka bari a bakin ƙofa.

Ba mu ce masu riƙon asusun ba su da hujja ba. Za su ce kuɗin ƙididdigagge ne, in aka buɗe ƙofa wani zai rubuta unguwarsu duka ya ce iyalinsa ne. Gaskiya ne. A Ingila tun 1948 a ke yi wa kowa magani da kuɗin haraji, ba a tambayar ɗan wane ne, amma mu aljihunmu bai kai nan ba tukuna. Duk da haka, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ga abin da mu ke roƙon hukumomin nan biyu, ta Tarayya da ta Jiha.

Na fari, in lalle sai mutum biyar ma'aikaci zai ɗauka, a bar shi ya zaɓe su da kansa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Malamar da mijinta ke da nasa katin, me zai hana ta sa uwarta a gurbinsa? Na biyu, marayan da ke hannun mutum a lasafta shi ɗa, muddin dagaci ko hakimi ya shaida, gama su sun san kowane gida. Na uku, mata ta biyu da iyaye a sanya musu kuɗi mai sauƙi, a riƙa yanka kaɗan kaɗan kowane wata. Na huɗu, a tuna da waɗanda ke aiki tare da mu ba su da takardar aikin dindindin, kamar mai gadi, da mai dafa wa yara abinci, da malamin wucin gadi. Daren da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, a watan Disamba na 2020, ya nuna mana aikin makaranta a yankin nan aiki ne na sai da rai, kuma harsashi ba ya tambayar takardar kama aiki.

Mu ma akwai namu nauyin. Ran da aka miƙo mana takardun aiki, mu cika su da gaskiya, kada mu sa sunan wanda ba ya ƙarƙashinmu, don ƙaryar mutum ɗaya ita ke rufe wa marayu ɗari ƙofa. Dokar fensho ta 2014 ta tilasta a yi wa ma'aikacin da ta shafa inshorar rai, wadda ba ta gaza albashinsa na shekara uku ba. Wanda ka rubuta a matsayin makusanci, ka sanar da shi tun kana da rai cewa amana ce ta magada duka, ba tasa shi kaɗai ba. In an yi aure ko haihuwa, a je a gyara takarda, kada a bari sai ranar kuka.

Allah ya ba shugabanninmu ikon duba wannan magana, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin.