Fasiƙi: Kalmar Da Muka Ƙuntata Don Kada Ta Shafe Mu



Ɗan'uwa mai karatu, idan aka ce maka wane fasiƙi ne, me yake fara faɗo maka a rai? Manemin mata, ko mashayin giya. In kuwa aka ce wance fasiƙa ce, ba ka ma tsayawa tambaya. A bakinmu na yau, daga Maraɗi har Damagaram, fasiƙanci ya koma wani suna na zina. Wannan ƙuntatawa ta yi wa da yawanmu daɗi, domin ta ɗora kalmar a kan wasu, mu kuwa ta bar mu a sahun farko da carbi a hannu.

Kalmar Larabci ce, daga fisƙu, kuma malaman lugga sun ce asalin ma'anarta fita. Balarabe yakan faɗe ta a kan ɗanyen dabino idan ya nuna ya suɓuce daga ɓawonsa. Ɓera ma an yi masa laƙabi da fuwaisiƙa saboda fitowarsa daga rami don ɓarna. Daga nan shari'a ta ɗauke ta da ma'anar fita daga ɗa'ar Allah. Da ita aka siffanta abin da Iblis ya aikata a Suratul Kahfi, aya ta 50, lokacin da ya ƙi sujada ga Annabi Adamu. Babu mace a cikin laifinsa, babu kwalba. Girman kai ne ya fitar da shi.

To, buɗe Suratun Nur, aya ta 4, ka ga inda kalmar ta sauka. Wanda ya jefi mace mai kamun kai da zina, bai kawo shaidu huɗu ba, hukuncinsa bulala 80, a daina karɓar shaidarsa, kuma shi ne ayar ta kira fasiƙi. Mai jifan, ba wadda aka jefa ba. Yanzu ka tuna sau nawa hoton ɗiyar mutane ya shigo wayarka da wani mummunan labari a ƙarƙashinsa, ka tura wa mutum goma kana salati da jimamin lalacewar zamani. Shaidu nawa gare ka? Wanda ya turo maka fa, nawa gare shi? Yarinyar tana iya rasa mijin aure, mahaifinta ya kasa ɗaga kai a masallacin unguwa, kai kuwa ka kwana kana jin ka yi hani da mummuna.

Suratul Hujurat ta ambaci kalmar a kan jifan juna da munanan laƙubba, a aya ta 11. A aya ta 6 kuma ta umurce mu da bincike idan fasiƙi ya kawo labari, kuma malaman tafsiri da yawa sun danganta saukarta da wani rahoto marar tushe a kan ƙabilar Banu Musɗaliƙ, cewa sun hana zakka, wanda ya kusa sa a yaƙe su. Ayar bashi ta Suratul Baƙara, ta 282, ta sanya cutar da marubuci ko mai shaida cikin fasiƙanci. A hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu da Buhari da Muslim suka ruwaito, zagin Musulmi ma sunansa ke nan. Duba yawan abin da ya rataya ga harshe a nan.

Fassara ba ta taimake mu ba. Tarjamar Hausa ta Shaihu Abubakar Gumi ta bar kalmar yadda take, sai mai karatu ya zuba mata ma'anar da ya saba ji a titi. Ƴan boko namu kuma, masu karanta fassarar Faransanci da aka fi yaɗawa, suna cin karo da "pervers", kalmar da a kunnen mai jin Faransancin yau ta fi karkata ga lalatar sha'awa. Ta ƙofa biyu aka shigo ɗaki ɗaya.

Kada wani ya ce ina sassauta zina. Babban zunubi ce, fasiƙanci ce babu ja. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ita dukan ma'anar, har mai ƙazafi ya riƙa jin kansa cikin salihai.

Ka kuma yi hattara kafin ka liƙa wa wani wannan suna. Buhari ya ruwaito daga Abu Zarri cewa wanda ya jefi ɗan'uwansa da fasiƙanci ko kafirci, alhali ba haka yake ba, maganar kansa take komawa. A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu, kalmar tana da nauyi a gaban alƙali: da ita ake kore adalcin mutum a ƙi shaidarsa. Mu kuwa muna sakin ta a bakin teburin mai shayi, a kan yaron da askinsa bai yi mana ba.