KOWA YA CI LADAN KUTURU: 'YAN MAJALISA DA MAGANAR LABURARE

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a majalisun dokoki na jihohin ƙasar nan. Ma'aikatan laburare da malaman makaranta da iyayen yara za su yi shiri, su ɗauki takardar kokensu, su nufi ofishin wakilinsu. Bayan an shanya su sa'o'i a baranda, sai a shigar da su, a kawo lemo, mai girma ɗan majalisa ya yi jawabi mai daɗi a kan darajar ilmi, a ɗauki hoto, a sallame su da kuɗin mota. Idan kasafin kuɗi ya fito, sai a tarar abin da aka rubuta wa hukumar laburare bai wuce albashi ba, rufin da ke yoyo kuma yana nan yana yoyo. Wannan wasan kwaikwayo ya isa haka, kuma laifinsa yana wuyan ɓangarorin biyu.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, wanda ya je majalisa a kan maganar laburare bai je bara ba. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 18, ya ɗora wa gwamnati nauyin ƙoƙarin kawar da jahilci. Sashe na 120 da na 121 sun nuna cewa gwamna yana kawo ƙiyasin kuɗi ne gaban majalisa, kuma ba a taɓa kwabo daga baitulmalin jiha sai da yardarta. Sashe na 128 ya ba ta ikon binciken yadda aka kashe abin da ta amince da shi. Saboda haka duk ɗan majalisar da ya ce wa masu koke wannan magana ta gwamna ce, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuwa yana raina hankalin waɗanda suka zaɓe shi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

ABIN DA 'YAN MAJALISAR DA SUKA YI

Tarihi ya isa shaida cewa majalisa na iya gina laburare idan ta so. A shekarar 1953 Hukumar UNESCO ta kira babban taro a Ibadan a kan yadda za a bunƙasa laburaren jama'a a Afirka. Shekara biyu kacal bayan haka, watau 1955, Majalisar Jihar Gabas, zamanin Firimiya Dokta Nnamdi Azikiwe, ta zartar da dokar kafa hukumar laburare, irinta ta farko a Nijeriya. Albarkacin wannan doka aka buɗe babban laburaren Inugu a 1959. A Jihar Arewa kuwa, an kafa laburaren jiha a Kaduna tun 1952, domin ya riƙa taimakon ɗakunan karatu na En'e, inda mutanen gari kan taru su karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wanda bai iya ba a karanta masa. A 1964, a ƙarƙashin gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi kansa marubuci ne, mai littafin Shaihu Umar, Majalisar Tarayya ta yi dokar kafa Laburaren Ƙasa.

Waɗannan mutane sun yi wannan aiki ne da kuɗin gyaɗa da auduga da koko da manja, kafin arzikin man fetur ya bunƙasa. Magadansu, masu kasafin miliyoyin dubbai, me suka yi? A shekarar 2006 aka ba da kwangilar gina hedkwatar Laburaren Ƙasa a Abuja a kan kuɗi fiye da Naira miliyan dubu 8, da niyyar a gama cikin ƙasa da shekara biyu. Shekara 19 bayan haka, a 2025, ginin bai kammala ba, har sai da uwargidan Shugaban Ƙasa, Oluremi Tinubu, ta roƙi masu son yi mata kyautar cikarta shekara 65 da su zuba kuɗin a asusun ƙarasa shi. Niyyarta abar yabo ce, amma abin kunya ne ga majalisun da suka zartar da kasafi kusan ashirin a tsakani, a ce ginin ƙasa ya koma jiran gudummawar biki. To, idan uwa ta sha wannan wulaƙanci a babban birni, ina ga 'ya'yanta na jihohi da ƙananan hukumomi?

HUJJOJI UKU MARASA TUSHE

Hujjar farko da akan tari masu koke da ita ita ce, wai jama'a na fama da yunwa, ba lokacin maganar littafi ba ne. Abin mamaki, yunwar nan ba ta hana a saya wa 'yan Majalisar Tarayya 469 manyan motocin alfarma ba a 2023, watanni kaɗan bayan janye tallafin mai. Ba ta kuma hana ayyukan mazaɓu ba, waɗanda Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a 2019 cewa sun ci kusan Naira miliyan miliyan ɗaya cikin shekara goma ba tare da talaka ya ga amfanin da ya dace da kuɗin ba. Gaskiyar magana ita ce, ɗan mayunwacin shi ne mai bukatar laburare. Ɗan mai kuɗi yana da littattafai a gida, da fitila, da ɗakin da babu hayaniya. Ɗan mai gadi da ke kwana da 'yan'uwansa bakwai a ɗaki guda a Agege ko Sabo ta Ibadan ko Fagge ba shi da inda zai shimfiɗa littafi, in ba laburaren hukuma ba. Wanda ya rufe masa wannan ƙofa da sunan tausayin cikinsa ya yanke masa hukuncin gadon talaucin ubansa.

Hujja ta biyu, wai wayar hannu ta maye gurbin laburare. Mai faɗin haka ya manta cewa waya ba ta aiki sai da caji da kuɗin data, kuma a farkon 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Tun 2015 Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Yaron ƙauye da bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an kayar da shi tun kafin a fara kokawa. Laburaren da ke da lantarki da kwamfuta ashirin da ma'aikaci mai nuna hanya shi ne maganin wannan rashin adalci. Zuwan intanet ƙarin dalili ne na gyara laburare.

Hujja ta uku ita ce mafi raini, wai mutanen ƙasar nan ba sa karatu. Su wane ne suka sayi ƙananan littattafan kasuwar Onica a shekarun 1950 da 1960? Su wane ne suka raya littattafan hikaya na Kano tun daga shekarun 1980, har matan aure na biyan kuɗin haya a shagunan unguwa domin su karanta su mayar? Mutanen da suka gaji rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u ba su ne za a koya wa son littafi ba. Abin da jama'a suka ƙaurace wa shi ne ɗakin da gara ta cinye kantocinsa, wanda sabon littafinsa ya girmi mai neman karanta shi, kuma ake rufe shi ƙarfe huɗu, daidai lokacin da ɗalibi da ma'aikaci ke samun sukuni.

LAIFIN MASU ZUWA

Su ma masu kai koken ba su kuɓuta ba. Da yawa sukan je ne bayan an riga an zartar da kasafi, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin zuwa shi ne kafin gwamna ya gabatar da ƙiyasinsa, da kuma ranakun da kwamitin ilmi da na kasafi ke sauraron ma'aikatu. Wasu sukan shafe rabin lokacin ganawa suna kirari, sauran rabin kuma suna kuka a dunƙule, su fito ba su nemi wani abu takamaimai da za a iya tuhumar mutum a kansa ba. Wasu kuma sukan tafi su kaɗai, ma'aikata zalla, sai a ɗauka ƙarin albashi suke nema. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tawagar da ta haɗa limami da fasto, da shugabar 'yan kasuwa, da ƙungiyar iyaye da malamai, da ɗaliban da suka isa jefa ƙuri'a, ita ce ɗan siyasa ke miƙewa ya tarba, domin lissafin akwati yake yi.

Abubuwan da za a ajiye a gabansa a rubuce kuwa ba su da yawa. Na farko, a ware kuɗin sayen littattafai da jaridu a layi na dabam cikin kasafi, kada a cakuɗa shi da albashi. Na biyu, kwamitin majalisa ya riƙa neman bayani kowane wata uku a kan nawa aka saki daga abin da aka amince, domin kuɗin da ke kan takarda kawai ba ya sayen ko fensir. Na uku, a ɗauki ƙwararrun ma'aikata, a sa wutar rana, a buɗe har dare da ranar Asabar. Na huɗu, a tanadi littattafai cikin Hausa da Yarabanci da Ibo da sauran harsunan mazauna wurin, har da na ajami, domin Bahaushen Shagamu ko na Owerri shi ma yana biyan haraji. Na biyar, a ba da amsa a rubuce, a kuma sa ranar dawowa.

Dole ne kuma a yi hattara da ɗan majalisar da zai yi saurin alkawarin sabon gini mai ɗauke da sunansa. Attajirin nan na Amurka, Andrew Carnegie, wanda ya gina laburare fiye da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, ba ya ba gari kuɗin gini sai hukumar garin ta ɗauki alkawarin kashe kwatankwacin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin kowace shekara wajen tafiyar da shi. Ya san cewa gini ba littafi kango ne. Kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi 774 su ma ba su da mafaka, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Ɗakin karatu guda a kowace hedkwata bai fi ƙarfin hukumar da En'e ta riga ta nuna wa hanya ba.

A ƙarshe, kowace tawaga ta rubuta abin da wakilinta ya faɗa, da ranar da ya faɗa, ta karanta shi a dandalin gari idan ya dawo neman ƙuri'a. Alkawari kaya ne. Wanda ya sauke, jama'a su saka masa da alheri. Wanda ya yi watsi da shi, su ma su yi watsi da shi ranar zaɓe. Allah Ya ba ƙasar nan wakilai masu jin kunyar 'ya'yan talakawa, amin.