Hayar Mota Muka Yi Ko Hayar Tafiya?

A wannan wata za mu taɓa wata magana ce da ke raba zumunci a Nima da Maamobi ba tare da an ankara ba, wato rigimar da ke biyo bayan ɗaukar shatar mota.

Kwanan baya muka shiga ayarin kai wata amarya daga Nima zuwa Aboabo a Kumasi. Mai bas ɗin da aka ɗauka ɗan unguwa ne, sahu ɗaya muke salla da shi. Kawun amarya ya tare shi a ƙofar masallaci bayan La'asar, ya ce, "Alhaji, ran Asabar za mu kai 'yarka ɗakinta." Alhaji ya ce, "Haba Malam, ai ni ma 'yata ce, ku kawo abin da ya sawwaƙa." Da aka matsa masa sai ya yanke sidi 4,000, aka ba shi rabi, aka shafa fatiha. Babu wanda ya tambaya ko kuɗin na zuwa ne kaɗai ko har da dawowa, balle a yi zancen mai ko wurin kwanan direba.

Bayan Asuba muka tashi, mata sun sha yayi, ana ta guɗa. Muka wuce Nsawam da Suhum lafiya lau. Muna barin Nkawkaw kaɗan sai inji ya ɗau zafi, hayaƙi ya turnuƙe. Awa huɗu muna zaune a bakin titi kafin a samo bakanike, shi kuma ya ce famfon ruwa ne ya mutu, sai an sayo wani daga Suame Magazine. Dole aka yi karo-karo aka zuba amarya da iyayenta mata a trotro, sauran jama'a kowa ya yi ta kansa. Ba mu haɗu a gidan ango ba sai bayan Isha'i, abinci ya huce, makaɗa sun watse.

Da aka dawo gida sai sabuwar rigima ta tashi. Alhaji ya ce a cika masa kuɗinsa, a kuma biya rabin gyara, don a cewarsa lodin gara ne ya fi ƙarfin mota. Kawu ya ce shi ma a mayar masa da abin da ya bayar, tun da ba a kai shi inda aka yi alkawari ba. Wata biyu mutanen nan ba sa gaisawa, har ɗaya ya sake masallaci.

To, jama'a, a ganinmu wannan rigima ba a Nkawkaw aka haife ta ba, tun a ƙofar masallaci aka ɗauki cikinta. Kunya ce ta hana a yi magana filla-filla. Muna ganin in ka ce wa ɗan'uwa a rubuta, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Alhali kuwa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kakanninmu fatake da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da jakuna zuwa Salaga sayen goro ba su yi irin wannan kunya ba, kuma malamansu sun san hukuncin haya sarai. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda har gobe ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya raba hayar abin hawa gida biyu. In wata dabba takamaimai ka ɗauka haya zuwa wani gari, sai ta mutu a hanya, to haya ta warware a kan sauran tafiyar, za ka biya gwargwadon inda aka kai ka. In kuwa alkawarin kai ka garin aka ɗauka, ba tare da an ware dabba ba, to wajibin mai ita ne ya kawo wata ya ƙarasa da kai. Haka kuma abin haya amana ne a hannun wanda ya ɗauka, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi ganganci ko ya ƙetare sharaɗi. Ku cire jaki ku sa bas, za ku ga maganarmu ce ta yau. Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi kafin a taɓa kuɗi ita ce: wannan motar muka ɗauka, ko kuwa kai mu Kumasi aka yi mana alkawari?

Bayan wannan, ga abubuwan da muke ba da shawara a sa a takarda, ko da rabin shafi ne, da Hausa ko da Turanci, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu.

Na farko, kuɗi. A faɗi jimla, a faɗi ko na zuwa da dawowa ne, da ranar dawowa, da abin da za a ƙara in an kwana fiye da yadda aka shirya. Kafin alƙalami kuma, in ta MoMo aka tura, kada a goge saƙon, shi ne rasit.

Na biyu, mai. Tun 2015 da gwamnati ta saki farashin mai, sau biyu a wata ake sake shi. Wanda ya yi ciniki yau don tafiyar da za a yi bayan mako uku, yana iya tarar da direba ya zo da wani lissafi dabam. Duk mun ga yadda ta kasance a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba kuɗin mota da na mai: a cika tanki a gaban kowa, a dawo da shi yadda aka karɓa.

Na uku, yawan mutane da kaya. A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Motar mutum 20 mukan cusa mata 27, ban da goyo, ban da buhunan shinkafa da kwallaye. In an ƙetare abin da aka yi sharaɗi, to mai mota yana da bakin magana.

Na huɗu, lalacewa a hanya. A rubuta awa nawa za a jira gyara, kuma in lokacin ya wuce, wa zai biya motar da za ta ƙarasa da jama'a. Gyaran inji da birki da tsohuwar taya na mai mota ne. Abin da fasinja suka fasa da hannunsu, nasu ne.

Na biyar, direba. Abincinsa da makwancinsa a san wanda ya ɗauka. Direban da ya kwana a kan kujera da yunwa, shi ne zai riƙe ran mutum ashirin washegari.

Sai kuma takardun mota. Ba a cinikin biri a sama, a je a ga motar ido da ido kwana ɗaya kafin tafiya. A duba shaidar lafiyar mota ta hukumar DVLA, a duba lasin direba, a tabbata akwai safaya da jak. Inshora kuwa doka ta wajabta ta tun 1958, kuma daga 2020 Hukumar Inshora ta Ƙasa ta buɗe hanyar da kowa zai bincika da wayarsa: a danna *920*57#, a sa lambar mota, za a ga ko inshorar tana da rai. A kuma tambaya ko ta motar haya ce, domin inshorar motar gida ba ta ɗaukar nauyin fasinjan da ya biya kuɗi. Masu ƙetare iyaka ta Aflao ko Paga, su nemi katin inshora na ECOWAS mai ruwan ƙasa tun kafin su tashi.

'Yan'uwanmu borga da ke zuwa hutu daga Amurka da Jamus su ɗauki ƙananan motoci na mako biyu ko wata guda, su ma ga tasu. Hukumar yawon buɗe ido ta Ghana ita ke ba kamfanonin hayar mota lasin, saboda haka a nemi ganinsa. A tambayi awa nawa ne yini a lissafinsu, da kuɗin fita wajen birni. In an yanka farashi da dala, a sani dokar musayar kuɗi ta 2006 ta hana hakan sai da iznin Babban Bankin Ghana, don haka a rubuta shi da sidi tun ranar farko. Kafin a karɓi makulli a zagaya motar da waya a ɗauki hoton kowace ƙwarzana, da ma'aunin mai, da na tafiya. Yawancin kuɗin ajiya da ke maƙalewa, a kan tsohon tabo ne da ba wanda ya nuna.

In duk da haka rigima ta tashi, kada a yi ta a bakin titi, kada kuma a ƙwace makulli ko a riƙe kayan mutane. Bashi ba aikin 'yan sanda ba ne. A kai wa liman ko Sarkin Zango, ko shugabannin tasha in motar ta 'yan ƙungiyar GPRTU ce. Dokar sasantawa ta 2010 ta amince da hukuncin gargajiya matuƙar ɓangarorin biyu sun yarda a yi musu shi, har ana iya kai shi kotu a yi masa rajista.

Su Alhaji da Kawu ma a zauren liman aka ƙare. Aka lissafa cewa mota ta ci fiye da rabin hanyar zuwa, sai aka bar wa Alhaji abin da ya riga ya karɓa, gyara ya zama nasa, Kawu kuma ya yafe kuɗin trotro saboda ya amsa cewa lodi ya yi yawa. Sun yi musafaha, amma wata biyun da aka yi ana gaba, rabin shafin takarda da ya hana shi.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya bar zumunci. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.