Ajiyar Ganyen Taba a Ƙasar Zafi: Darasi Daga Masu Naɗin Siga

Ya kai manomi, da kai malamin gona, akwai asarar da take faɗa wa mai noman taba wadda ba kasafai ake lissafa ta ba, domin ba a gona take aukuwa ba. Manomi zai yi renon iri, ya dasa, ya yi ta tsinkar ganye, ya busar da shi har ya yi launi mai kyau. Daga nan sai ya jibge shi a ɗaki mai rufin kwano yana jiran mai saye. Ranar awo sai ya tarar wani ya marmashe, wani ya yi fumfuna, wani kuma ƙwari sun huda shi kamar rariya. Ra'ayina shi ne, aikin taba bai ƙare ba sai ganye ya hau sikeli da darajarsa, kuma wajibi ne mu ɗauki ɗakin ajiya da muhimmanci kamar yadda muka ɗauki gona.

Mu dubi waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a wannan fanni, wato masu yin siga, tabar nan mai kauri da ake naɗewa da tsantsar ganye, ba da takarda ba. Wadda ta fi suna ita ce ta ƙasar Kyuba, musamman ta lardin Finar del Riyo. Kyuba ƙasa ce mai zafi da laima, kamar kudancin Nijeriya. Duk da haka sukan adana ganye shekara da shekaru bai lalace ba. Rumfunansu na busarwa suna da ƙofofi da tagogi da ake buɗewa ko a rufe gwargwadon yanayin iska. Ganyen da ya fi tsada kuwa, a cikin ɓawon wani irin kwakwa suke ɗaure shi. Idan an gama naɗin siga, ana ajiye ta a akwatin katako mai rufewa ruf, inda zafi yake tsakanin digiri 16 zuwa 21 a ma'aunin salshiyos, laimar iska kuma tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin 100.

Dalilin waɗannan alƙaluma shi ne halin ganyen kansa. Busasshiyar taba tana shan laima daga iska, tana kuma sakin ta. Idan iska ta bushe ƙwarai, ganye ya yi ƙaras ya karye, ƙamshinsa ya gudu, nauyinsa ya ragu. Idan laima ta zarce kashi 75, fumfuna ta samu wurin zama. Idan kuma zafi ya haɗu da laima, sai ƙwaron taba ya hayayyafa. Ɗan ƙarami ne mai launin ƙasa, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Macen tana iya yin ƙwai har 100, su ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10, kuma tsutsar ce take cin ganye. A cikin zafi irin namu yakan kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa babba cikin mako 6 zuwa 8. Sai zafi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 17 haihuwarsa take tsayawa.

To, a nan ne matsalarmu take. A arewa, lokacin hunturu laima takan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ta haura 80. Da bazara zafi yakan wuce digiri 40 a Sakkwato da kewayenta. A yankin Oke-Ogun na jihar Oyo, inda aka daɗe ana busar da taba da hucin wuta, laima ce babbar abokiyar gaba. Saboda haka shawara ɗaya ba za ta dace da kowane wuri da kowane wata ba.

Wani zai ce, ina manomin karkara zai sami ɗaki mai digiri 18, alhali ko wutar lantarki babu? Gaskiya ne, ba zai samu ba, kuma ban ce ya sayi na'urar sanyaya ɗaki ba. Mai siga yana ajiyar shekaru ne, manomi kuwa na makonni ko 'yan watanni. Abin da za mu ɗauka daga gare su shi ne ɗabi'ar aunawa da hana yanayin ɗaki yin tsalle. Wannan kuwa ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

Ka zaɓi ɗakin ƙasa mai kaurin bango, mai rufin soro ko na jinka, domin ya fi na kwano sanyi da rana. Idan na kwano kaɗai gare ka, ka yi masa silin da zana ko tabarma. Ka share shi sarai kafin sabon ganye ya shiga, ka ƙone ragowar tabar bara, domin a cikinta ƙwaro yake ɓuya. Kada ka haɗa taba da busasshiyar citta ko barkono, saboda wannan ƙwaro yana cin su ma. Ka jera damman ganye a kan katako, nesa da ƙasa da bango, ka lulluɓe su da buhun algarara mai tsabta. Da damina ka rufe tagogi da dare da lokacin ruwa, ka buɗe idan rana ta take. Da hunturu kuma, kada ka taɓa ganye da tsakar rana. Ka bari sai da asuba, ko ka yayyafa ruwa a daɓen ɗakin tun da dare, ba a kan ganyen ba. Alamar ganyen da ya yi daidai ita ce, ka dunƙule shi a hannu ya buɗe bai karye ba, amma jijiyar tsakiya ta ƙarye idan ka lanƙwasa ta. Duk mako ka cusa hannu a tsakiyar tari. In ka ji ɗumi ko warin ruɓa, ka warware shi ya sha iska nan take.

Kai kuma malamin gona, ina ganin lokaci ya yi da kowace ƙungiyar manoma za ta mallaki ma'aunin zafi da laima. Ƙaramin abu ne mai aiki da batir. Don ka tabbatar yana faɗin gaskiya, ka jiƙa gishiri kaɗan a murfin kwalba, ka rufe shi tare da ma'aunin a cikin roba mai murfi har kwana ɗaya. Ya kamata ya nuna kashi 75. Ka koya wa manoma rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Batun ƙwayar hayaƙi mai kashe ƙwari kuwa, guba ce mai kisa, aikin wanda aka horar ne kawai, kuma ba a sa ta a gidan da mutane suke kwana.

Haka nan kada a ajiye taba a ɗakin barci, kada kuma a sa yara aikinta. Shan taba yana da illa ga lafiya, kuma tun shekarar 2015 Nijeriya take da dokar taƙaita ta. Mai neman komawa ga wani amfanin gona ya yi tunani mai kyau. Amma wanda ya riga ya zuba guminsa a gonar bana, bai kamata ya ciyar da ƙwaro da shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gyara ɗakin ajiyarka tun ganye yana gona.