Wai Hauka ne a Gina wa Kare da Kyanwa Gida?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Kwanan baya bayan mun tashi daga karatu, wani ɗalibina ya matso kusa yana dariya ya ce, "Malam, ka ji Turawa kuwa? Wai gida suke ginawa, idan mutum ya gaji da karensa ko kyanwarsa sai ya kai, a ciyar da su har da likita, alhali ga mutane na kwana da yunwa!" Sauran suka tuntsire da dariya. Ni dai ban yi ba, domin wannan ba'a ta yawaita a bakin matasanmu, har wasu na ɗaukarta kishin addini ne, alhali ba su san cewa da tarihinsu suke yi ba.

Hujjar ma ba tamu ba ce, aro muka yi. A shekarar 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe mafakar karnukan da suka ɓata ko aka yasar a birnin Landan, wadda ta koma unguwar Battersea a 1871, ta fara karɓar kyanwoyi a 1883, kuma tana aiki har yau. Jaridar Times ta yi mata ba'a tun farko, da hujjar cewa akwai 'yan Adam marasa matsuguni a birnin. Ka ga kenan abin da ɗalibina ya faɗa, wani Bature ya riga shi da fiye da shekara 160.

Mu kuwa mun riga Landan da kusan ƙarni shida. Sarki Zahir Baibars, wanda ya mulki Masar da Sham daga 1260 zuwa 1277, mutumin da ya yi fama da Mangolawa da mayaƙan Salibiyya, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu. Har a ƙarni na 19 Baturen nan Edward Lane ya tarar ana raba wa kyanwoyi abinci kullum da la'asar a harabar kotun babban alƙalin birnin. Shin Baibars ma koyi ya yi da Turawa? Ko kuwa a zamaninsa babu matalauta ne?

Asalin abin sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sun kuma ruwaito labarin wanda Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A lura da na farkon da kyau: wanda ya riƙe dabba ya ɗauki amana. Idan ya gaza, talauci ne ko tafiya ko rashin lafiya, to miƙa ta ga wanda zai iya shi ne sauke amanar. Mafakar dabbobi ba komai ba ce face hannun da ke karɓar wannan amana.

Wani zai ce to kyanwa mun ji, amma kare fa? Ya ɗan'uwa, kada ka cakuɗa mas'aloli biyu. Hukuncin ajiye kare a gida ba tare da buƙatar farauta ko gadin dabbobi da gona ba, magana ce daban, malamai sun yi ta. Amma barinsa ya mutu da yunwa ko raunin jifa, babu malamin da ya halatta. Kuma a mazhabar Imam Malik da akasarinmu muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai bin umarni ne kawai. Yawancin ƙyamar da muke nunawa al'ada ce, kamar yadda camfin cewa baƙar mage mayya ce ba shi da tushe ko kaɗan.

Ba wai ina wanke Turawa ba ne. A Amurka miliyoyin karnuka da kyanwoyi ke shiga irin waɗannan gidaje duk shekara, kuma ana kashe dubban ɗaruruwa da allura, sau da yawa don rashin wuri da rashin mai ɗauka. Wannan abin zargi ne. Sai dai laifin yana wuyan wanda ya sayi rai kamar yadda ake sayen riga, yayi ya wuce ya yar, ba wuyan wanda ya tsinta ya yi mata magani ya nema mata sabon gida ba.

Game da yunwar mutane kuwa, ga Halab ta Siriya. Lokacin da yaƙi ya ci birnin daga 2012, wani direban motar ɗaukar marasa lafiya, Muhammad Ala'a Jalil, ya zauna bai gudu ba. Yana kwasar waɗanda bam ya raunata, yana kuma ciyar da kyanwoyin da masu hijira suka bari, har suka haura ɗari. Wasu da hannunsu suke kawo masa kafin su tafi. Wata yarinya ta miƙa masa tata tana kuka, ta roƙe shi ya riƙa aika mata hotonta a Turkiyya, kuma ya yi. A Nuwamban 2016 bam ya rusa wurin, daga baya ya sake kafa wani a wajen gari. Wannan mutum ya fi ni da kai sanin wahalar ɗan Adam, domin da hannunsa ya ɗauki gawarwaki, amma bai ga cewa jinƙan ɗaya yana rage na ɗayan ba.

Na tambayi ɗalibin nan nawa, cikin masu yunwar da yake ambato, nawa ya ciyar a makon? Ya sunkuyar da kai. Sai wani ƙarami a bayansa ya ce, "Malam, magen gidanmu ta haihu, an ce gobe in zuba 'ya'yan a buhu in kai bola." Na ce ya bar su wurin uwarsu har ta yaye su, sannan ya kawo mini biyu, sauran ukun kuma mu bi gidajen ɗalibai mu nemo masu so.