Man Zaki Ba Ya Ba Mutum Ƙarfin Zaki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in ja hankalin 'yan uwana manoma da 'yan tireda kan wani ciniki da muke yi wanda ba riba a cikinsa.

Ni manomi ne, in rani ya yi kuma ina bin kasuwanni da kayan koli. Da wuya ka ci kasuwa ba ka tarar da mai magani ya baje kwalabe da guntayen fatu ba, yana cewa ga man zaki na sanyin ƙashi, ga fatar goshin zaki ta kwarjini, ga farcen damisa. Ni kaina na taɓa faɗawa. Shekarun baya Baba yana fama da ciwon gwiwa, na sayar da gero kwano huɗu na sayo masa 'yar kwalba. Mako biyu muna shafawa, ba sauƙi. Sai wani mahauci maƙwabcinmu ya shinshina ya ce, "Malam, wannan ai kitsen sa ne aka narka." Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma daga baya na gode Allah da ya zama na jabu, don in da na gaske ne, da gerona aka biya wanda ya kashe zaki.

Ba na musun ƙarfin waɗannan dabbobi. Ƙosasshen namijin zaki yana kai kilo 180, kusan buhu biyu na masara ke nan. In ya yi ruri da dare ana iya jin sa daga nisan kilomita 8, kuma yana kayar da ɓauna wadda ta ninka shi nauyi. Damisa kuwa ba ta kai rabinsa ba, amma sai ta cafki barewa a baki ta hau bishiya da ita, ta rataye a reshe don kada kura ta ƙwace. Mutanen Kano sun ɗanɗana a watan Oktoba na 2019, lokacin da zaki ɗaya tak ya kuɓuce daga kejinsa a Gidan Zoo na Audu Bako. Unguwannin kusa ba su yi barcin kirki ba, shi kuwa ya faɗa wa awakin gidan ya cinye, kafin a samu a mayar da shi.

To amma jama'a, wannan ƙarfi Allah ya sa shi ne a ƙashi da tsoka da jijiya. In dabba ta mutu ya tafi. In da shafa kitse na ba da ƙarfi, da mahauta sun fi shanun huɗa jan garma.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sun kusa ƙarewa. Binciken da masana suka fitar a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma wajen 400 ne kawai, akasarinsu a dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso. A Nijeriya ba su kai 50 ba, su ma a Yankari ta Bauchi da dajin Kainji kaɗai. Kakanninmu sun ba mu labarin zaki a dawa, mu mun gan shi a keji. Jikokinmu fa? Sai dai a hoton kwalin shayi?

Wani zai ce ina ruwan manomi, ai gara ma su ƙare. To ya sani damisa na cin gwaggon biri da gadu, masu ɓarnar gona. A ƙasar Gana, da zaki da damisa suka yi ƙaranci, birai sun yi yawa har ana hana yara zuwa makaranta don su tsare gonaki. Kuma dajin da aka kare don zaki shi ne ke riƙe ƙasa da ruwa. Ban manta da makiyayi ba, wanda aka kashe wa saniya yana da hakki. A biya shi diyya, ya fi ya zuba guba a mushe, ta kashe zaki da kura da ungulu gaba ɗaya.

Tun 1985 gwamnatin tarayya ta kafa dokar hana kashe irin waɗannan dabbobi da cinikin sassan jikinsu, amma a ƙauye wa ya taɓa jin ta? Ina kira ga hakimai da dagatai da sarakunan kasuwa su yi shela. Gwamnatin Jihar Kano kuma ta ƙara kula da dajin Falgore, ta sa tsofaffin maharba cikin aikin gadi, don sun fi kowa sanin sawu.

Mu kuma masu saye, mu ne tushen abin. In ba mai saye, ba mai ɗana tarko. Mai ciwon gwiwa a kai shi asibiti. Baba dai can ya samu sauƙi.

Allah ya sa mu gane. Wassalam.

Naku,
Wani manomi,
Madadi, Ƙaramar Hukumar Gwarzo, Jihar Kano.