Rigakafin Mura Ga Mai Juna Biyu: Tsakanin Amanar Ciki Da Sharaɗin Aiki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Akwai tambayar da ke yawan tasowa a tsakanin 'yan'uwanmu mata masu aikin jinya da ungozomanci, musamman waɗanda neman halaliya ya kai su asibitocin Saudiyya da Ingila da Amurka, da ɗalibanmu masu koyon aikin lafiya a can. Mace tana ɗauke da ciki, sai wurin aiki ya ce kowa ya kawo shaidar allurar rigakafin mura kafin sanyi ya kankama. Ta yarda, zuciyarta na ɗar-ɗar game da abin da ke cikinta; ta ƙi, abincinta na iya shiga haɗari. Miji na faɗin nasa, uwar miji na faɗin nata daga gida ta waya, ga saƙonnin WhatsApp masu tsoratarwa. Wannan shafi yana ganin bai kamata a bar irin wannan baiwar Allah tsakanin jita-jita da barazana ba, domin a cikin al'amarin akwai rai biyu, akwai abinci, akwai kuma amana.

Abu na farko shi ne a gane cutar da ake magana a kanta. Bahaushe yana kiran duk wani atishawa da yoyon hanci mura, shi ya sa mutane da yawa suke mamakin a ce wai mura ma sai an yi mata allura. Wadda likitoci ke kira infuluwenza daban take da murar hunturu da muka saba. Takan zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi da tari, tana kuma iya gangarawa huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutane tsakanin 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara. Ita ce annobar da ta game duniya a 1918, ba ta kuma bar ƙasarmu ba.

Mai ciki tana cikin waɗanda wannan cuta ta fi yi wa illa. Ciki yana sauya yadda garkuwar jiki ke aiki, zuciya tana ɗaukar ƙarin nauyi, huhu kuma yana samun matsi yayin da ɗan tayi ke girma. A annobar 2009, masu juna biyu a Amurka ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ba, amma sun kai kusan kashi biyar cikin ɗari na waɗanda suka rasu. Zazzaɓi mai zafi kuma yana iya taɓa cikin kansa, har ya kai ga haihuwar bakwaini. Irin wannan ne ya sa a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya masu ciki a sahun gaba na waɗanda ya kamata a yi wa wannan rigakafi.

Allurar da ake yi wa mai ciki ba ta ƙunshi ƙwayar cuta mai rai ba, don haka ba ta sa cutar, ana kuma yin ta a kowane wata na ciki. Jiki yakan ɗauki kamar mako biyu kafin ya gina kariya, kariyar kuma tana ratsawa ta mabiyiya zuwa ga jariri. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, saboda jaririn da bai kai wata shida ba ba a yi masa wannan allura, sai dai ya dogara da abin da ya samu daga mahaifiyarsa. Binciken da aka yi a Bangaladesh, aka wallafa a 2008, ya nuna raguwar cutar da kusan kashi 63 cikin ɗari ga jariran da aka yi wa iyayensu mata allurar. An sake gwadawa a Afirka ta Kudu, da kuma Bamako ta ƙasar Mali a kan mata sama da 4,000, aka ga amfanin ga uwa da ɗa. Gaskiya ce allurar ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, tana iya sa ciwon dantse ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, ana kuma sabunta ta kowace shekara saboda ƙwayar cutar tana sauya kama. Wadda ta taɓa samun mummunar illa daga irinta a baya, dole ta sanar da likita kafin komai.

To, me shari'a ta ce? Asalin neman magani halal ne, Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi magani ya kuma umurci sahabbansa da su nema. Kare kai tun kafin cuta ta sauka ma yana da asali. Marigayi Shaikh Abdul'aziz bin Baz ya halatta rigakafi, yana kafa hujja da hadisin da ya kwaɗaitar da cin dabinon ajwa bakwai da safe don kariya daga guba da sihiri. Lokacin da Sayyidina Umar ya isa Sargu a hanyarsa ta zuwa Sham, ya sami labarin annoba ta ɓarke, sai ya yi shawara ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Riƙo da sababi ɓangare ne na tawakkali. Shari'ar da ta sauƙaƙa wa mai ciki ta ajiye azumin Ramadan idan ta ji wa kanta ko cikinta tsoro, ba za ta hana ta abin da masana amintattu suka tabbatar yana kare su biyun ba. Kare rai da kare zuriya suna cikin manyan manufofin shari'a guda biyar, a jikin mai ciki kuwa duka biyun sun haɗu.

Akwai masu damuwa da sinadarin jelatin na alade, kuma damuwarsu tana da tushe. Rigakafin mura da ake fesa wa yara a hanci a Ingila yana ɗauke da shi. Sai dai wannan na fesawa ba a ba mai ciki shi tun asali, domin ƙwayar cikinsa rayayya ce da aka raunana, kuma hukumomin lafiya na can sun bayyana cewa na allurar da suke bayarwa ba shi da wannan sinadari. Ko a kan jelatin ɗin ma, taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa abin da ya rikiɗe gaba ɗaya daga asalinsa hukuncinsa ya sauya, duk da cewa wasu malaman ba su gamsu ba. Mai shakka tana da haƙƙin ta nemi takardar da ke cikin kwalin maganin ta karanta abin da aka haɗa shi da shi. Game da azumi kuma, mafi yawan malaman wannan zamani suna ganin allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya shi.

Saura batun sharaɗin aiki, wanda nan ne ra'ayoyi suka fi rabuwa. A Amurka, wani asibiti a birnin Siyatil mai suna Virginia Mason ya wajabta wa ma'aikatansa wannan rigakafi tun 2005, asibitoci da yawa suka bi sahu. A Ingila ana kwaɗaitar da ma'aikatan lafiya, ana yi musu kyauta, ba tare da tilas ba. Ko tilascin rigakafin korona da aka ɗora wa ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi a ƙarshen 2021 an janye shi a 2022. Mu ma a Najeriya mun ɗanɗana, lokacin da gwamnatin tarayya ta ce daga 1 ga Disamba 2021 ma'aikatanta su nuna shaidar rigakafin korona ko sakamakon gwaji kafin shiga ofis. Alhazanmu kuwa sun daɗe da sanin katin rigakafi: Saudiyya ba ta karɓar mahajjaci sai da allurar sanƙarau, tana kuma ba da shawarar ta mura, musamman ga tsofaffi da masu ciki. Ba mu ji malamin da ya ce wannan sharaɗi ya ɓata wa wani Hajjinsa ba.

Matsayinmu shi ne, wurin aikin da ake mu'amala da masu rauni yana da haƙƙin gindaya irin wannan sharaɗi. Aiki ƙulla yarjejeniya ce, Musulmi kuma yana kan sharaɗin da ya amince da shi matuƙar bai halatta haram ba. Ma'aikaciyar jinya da ke ɗakin bakwaini ko ɗakin masu ciwon daji tana iya ɗaukar cutar ta yaɗa ta kwana guda kafin ita kanta ta ji alama. Ƙa'idar shari'a ta hana cutar da kai da cutar da wani. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya ga wata mace mai kuturta tana ɗawafi, ya shawarce ta da ta zauna a gida don kada ta cutar da mutane. Idan har an taƙaita wa mutum ibada a ɗakin Allah saboda lafiyar jama'a, neman ma'aikacin asibiti ya kare majinyatansa ba baƙon abu ba ne.

Amma haƙƙin gindaya sharaɗi ba lasisin danniya ba ne. Ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan waɗanda ke ƙarƙashinsa a rataye yake da maslaharsu. Saboda haka sharaɗin ya tsaya inda haɗarin yake. Abin da ya dace da ɗakin jarirai ba lallai ya dace da wanda ke zaune shi kaɗai gaban kwamfuta ba. A bayyana shi tun lokacin ɗaukar aiki, mai aikin ya ɗauki nauyin kuɗin allurar, a karɓi uzurin da likita ya tabbatar. Wadda ta kasa samun natsuwa a ba ta mafita, ko ta sa takunkumin fuska tsawon lokacin cutar, ko a mai da ita sashen da babu masu rauni. Korar mace mai ciki daga aiki alhali akwai hanya mafi sauƙi zalunci ne, kuma ɗaga mata hankali shi kansa cutarwa ce ga cikin da ake iƙirarin karewa.

Ga ma'aikaciyar kuma akwai iyaka biyu da bai halatta ta tsallake ba. Ta farko ita ce katin bogi. Sayen shaidar allurar da ba a yi ba ƙarya ce da ha'inci, idan kuma wani jariri ya kamu ta dalilinta, takardar ba za ta wanke ta a gaban Allah ba. Ta biyu ita ce fakewa da addini. Dokar Amurka ta 1964 ta tilasta wa masu ɗaukar aiki su duba uzurin addini, shi ya sa wasu ke cike takarda su ce Musulunci ne ya hana su. Mai tsoro ta ce tsoro take ji, mai shakka ta ce shakka take yi, amma jingina wa Allah haramcin da bai saukar ba babban laifi ne, yana kuma zubar da ƙimar uzurin Musulmi a ranar da suke da uzuri na gaskiya.

Ba mu manta da dalilin da ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabon da har yau bai gama warkewa ba. Sai dai mu tuna da ɗaya darasin. Dakatar da rigakafin shan'inna a 2003 ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan ashirin, 'ya'yanmu ne kuma suka fi shanyewa. Sai da sarakuna da malamai suka shigo gaba, aka yi bayani da harshen da jama'a ke ji, sannan aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da nau'in cutar na daji a Agustan 2020. Yin tambaya haƙƙi ne, amma a kai ta ga wanda ya sani, kamar yadda Alƙur'ani ya umurce mu.

A nan gida, rigakafin mura ba ya cikin jerin alluran da gwamnati ke yi wa kowa kyauta, don haka mafi yawan matanmu ba za su ci karo da wannan sharaɗi ba. Abin da ke gabansu shi ne awon ciki, da allurar tsinkau-tsinkau da ake yi a wurin awon, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Hukuncin duka ɗaya ne, nauyin kuma a wuyan maigida yake. Kula da lafiyar mace yana cikin kyakkyawan zaman da Allah Ya wajabta masa. Wanda ya hana matarsa awo saboda wani saƙon murya da bai san mai shi ba, ya sani shi makiyayi ne, za a kuma tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Muna kira ga 'yar'uwa mai juna biyu da ta zauna da likitarta ko ungozomarta, ta yi duk tambayar da ke ranta, ta shawarci mijinta, ta yi istihara, sannan ta yanke hukunci bisa ilimi. Abin da hujjoji suka nuna shi ne allurar ta fi zama alheri gare ta da jaririnta, ko da babu wanda ya tilasta mata. Muna kira ga malamanmu da su nemi bayanin likitoci kafin su hau mumbari da irin wannan mas'ala, ga likitocinmu kuma da su yi haƙuri da masu tambaya, domin tsawa ba ta taɓa gamsar da mai tsoro ba. Ɗalibanmu na fannin lafiya kuwa, da suka haɗa karatun allo da na asibiti, su ne suka fi cancanta su zama gada tsakanin ɓangarorin biyu.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa bisa Musulunci, Ya kare mu daga annoba ta fili da ta ɓoye. Allah ne Mafi sani.